Jagora ga Mai Ɗauke da HIV: Yadda Ake Tare Ciwon Daji Tun Bai Kankama Ba

Ranar da ma'aikacin lafiya ya dubi takardar gwaji ya ce, "Ƙwayar ta kwanta, ba a ganinta a jini," ranar farin ciki ce ƙwarai. Sai dai akwai tambayar da ya kamata ta biyo baya a wannan zama, kuma ba kasafai ake yin ta ba: to sauran ƙwayoyin fa?

Jikin kowane ɗan Adam masauki ne na wasu ƙwayoyin bairas da suka shiga tun ƙuruciya ko bayan balaga, suka laɓe shiru. Muddin garkuwar jiki na da ƙarfi, tana tsare da su, tana kuma kashe duk ƙwayar halittar da suka fara lalatawa kafin ta zama ƙari. HIV kuwa aikinta shi ne kashe ƙwayoyin CD4, waɗanda su ne ke tsara wa sauran sojojin jini aikinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin ciwon dajin da ya fi damun masu HIV wata ƙwayar ce daban ke haddasa shi, bayan HIV ta buɗe mata ƙofa.

Ni a ganina wannan abin ƙarfafa gwiwa ne. Ciwon da aka san mafarinsa, ana iya tsaya masa a hanya.

Mataki na farko: san waɗanda kake fama da su

Ƙwayoyin bairas guda biyar ne manya.

HPV ana ɗaukarta ta hanyar saduwa da gogayyar fata, kuma yawancin waɗanda suka taɓa saduwa sun gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwa. Ita ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, da akasarin ta dubura, da wani kaso na ta maƙogwaro da ta al'aurar maza da mata. Nau'o'inta biyu kacal, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Bajamushen da ya gano wannan alaƙa, Harald zur Hausen, ya karɓi kyautar Nobel a 2008, a shekara ɗaya da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, Faransawan da suka gano HIV.

HHV-8 ita ke kawo sankarar Kaposi, kuma ta miyau ta fi yaɗuwa. Likita Moritz Kaposi ya bayyana ciwon tun 1872, amma sai a 1994 Yuan Chang da Patrick Moore suka gano ƙwayar da ke bayansa. Ganin wannan ciwo a jikin samari a Amurka a 1981 na cikin abubuwan da suka fara ankarar da duniya cewa wata sabuwar cuta ta ɓulla.

EBV tana jikin fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya, mafi yawansu ba su ma sani ba. Idan garkuwa ta yi rauni, tana da hannu a sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma. Sai ƙwayoyin ciwon hanta nau'in B da nau'in C, waɗanda ke cin hanta a hankali har ta taurare, daga nan sankara ta biyo.

Alƙaluman Cibiyar Nazarin Ciwon Daji ta Amurka sun nuna cewa, a can ƙasar, haɗarin sankarar Kaposi ga mai HIV ya ninka na sauran jama'a kusan sau 500, na sankarar dubura sau 19, na babban rukunin limfoma sau 12, na hanta sau 3. Kada waɗannan lambobi su firgita ka. Abin da yake ƙalilan ne tun asali, ko an ninka shi da yawa, bai zama ya sami kowa ba. Mafi yawan masu shan maganinsu ba za su taɓa kamuwa da ko ɗaya daga ciki ba. Amfanin lambobin shi ne su nuna maka inda za ka sa ido.

Mataki na biyu: fara magani da wuri, kuma kada ka yi masa fashi

Duk sauran matakan a kan wannan suke zaune. Bayan da aka fara haɗa magungunan HIV guda uku a 1996, sankarar Kaposi da limfoma sun ragu matuƙa a duk inda maganin ya isa. Sannan a 2015 wani babban bincike mai suna START, wanda ya haɗa mutum fiye da 4,600 a ƙasashe 35, ya raba gardama. Dukkansu CD4 ɗinsu ya haura 500, wato lafiyarsu ƙalau a ido. Aka fara wa rabinsu magani nan take, rabin aka jinkirta. Waɗanda suka fara nan take, haɗarin ciwon daji ya ragu musu da kusan kashi biyu cikin uku. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani da zarar an tabbatar yana ɗauke da ƙwayar, ba tare da jiran CD4 ya faɗi ba.

A aikace, ka riƙe lambobi biyu a kanka kamar yadda ka riƙe lambar wayarka: yawan ƙwayar a jininka a gwajin ƙarshe, da mafi ƙanƙantar CD4 da ka taɓa samu. Ta biyun mutane na mantawa da ita, alhali tana da nauyi. Wanda CD4 ɗinsa ya taɓa sauka ƙasa da 200 ya daɗe a haka, ko da ya farfaɗo yanzu, yana buƙatar a fi sa masa ido, domin a wancan lokacin ne sauran ƙwayoyin suka samu damar yin ɓarna.

Idan wani abu na hana ka shan magani kullum, ko jiri ne, ko tsoron a gan ka da kwalba, ko nisan asibiti, faɗa wa mai duba ka kai tsaye. Yawancin irin waɗannan matsaloli suna da mafita, amma sai an ji su.

Mataki na uku: bakin mahaifa

A nan zan fi daɗewa, domin a nan ne ake asarar rayukan da babu dalilin asararsu. Wannan sashe naki ne, 'yar'uwa, kuma na mijinki ne da duk wanda ke raka ki asibiti.

Mace mai HIV, haɗarin sankarar bakin mahaifa gare ta ya ninka na wadda ba ta da ita sau shida, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Dalilin a fili yake. Mai ƙarfin garkuwa, jikinta kan kori HPV da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Mai raunin garkuwa kuwa ƙwayar kan zauna mata daram. Tafiyar da kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, a jikinta tana iya kammaluwa cikin 5 zuwa 10. Kuma a duk tsawon wannan tafiya babu ciwo, babu jini, babu wata alama. Shi ya sa "ai lafiyata ƙalau" ba hujjar ƙin gwaji ba ce. Gwajin na masu lafiya ne.

Ga yadda tsarin yake. Ki fara daga shekara 25, ba 30 ba kamar sauran mata. Gwajin da ya fi inganci shi ne na neman ƙwayar HPV ɗin kanta a ruwan gaba, kuma a wurare da dama ana ba mace ɗan tsinken auduga ta ɗebo da hannunta a keɓe, ba sai an buɗe ta ba. Idan bai nuna komai ba, ki maimaita bayan shekara 3 zuwa 5. Inda babu wannan gwaji, ana shafa ruwan khal mai sauƙi a bakin mahaifa a duba da ido, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari; ko kuma a goge ƙwayoyin halittar wurin a kai ɗakin gwaji. Waɗannan biyun duk shekara 3 ake maimaita su.

Idan aka ce an ga HPV, ki natsu. Ba a ce kina da sankara ba, ba kuma shaidar cin amanar kowa ba ce, tunda ƙwayar na iya yin shekaru a ɓoye. Abin da ke biye shi ne gwaji na biyu don a ga ko ta fara taɓa bakin mahaifar. In ba ta taɓa ba, ki dawo bayan wata 12. In ta taɓa, ana kashe wurin da wani ɗan ƙarfe mai zafi, ko da sanyi mai daskarewa, ko a yanke shi da zaren lantarki idan yana da faɗi. Aikin 'yan mintuna ne, ba a kwantar da mutum, ba a cire mahaifa, kuma galibi ba ya hana haihuwa. Za ki ga ruwa na fita na 'yan makonni, za a kuma ce a dakata da saduwa kamar wata guda.

Inda ake yawan yin sakaci shi ne bayan nan. Mace ta ji an ce an kashe wurin, sai ta ɗauka an gama. A jikin mai HIV lalacewar ta fi saurin dawowa, don haka gwajin da ake yi wata 12 bayan aikin wajibi ne. Ki rubuta ranarsa a bayan katin karɓar maganinki, wurin da idonki zai riƙa faɗawa kansa.

Abubuwa uku kuma ba sa jiran ranar gwaji: jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada ko bayan ta ɗauke gaba ɗaya, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Duk wadda ta ga ɗayansu, ta nemi a duba bakin mahaifar da ido a makon nan. Rubuta maganin sanyi ba tare da an duba ba bai wadatar ba, kuma kina da haƙƙin faɗin haka cikin ladabi.

Akwai allurar rigakafin HPV. Ta fi amfani ga 'yan shekara 9 zuwa 14, kafin su gamu da ƙwayar. Ƙasashe da yawa sun koma yin guda ɗaya ga yara masu lafiya, amma mai HIV aƙalla biyu ake so, uku inda hali ya yi. Idan 'yarki na ɗauke da HIV, ki sanar da mai allurar a keɓe don a cika mata adadin. Babba ma na iya tambayar likita ko za ta amfane shi. Allurar ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga, kuma ba ta ɗauke wa mace gwaji.

Mataki na huɗu: wurin da kunya ke hana faɗa

Sankarar dubura na kama maza da mata, kuma ba sai mutum ya taɓa saduwa ta nan ba. HPV na iya gangarowa daga fatar da ke kusa. Macen da aka taɓa samun lalacewa a bakin mahaifarta ko a gabanta, haɗarinta ya fi yawa. Matsalar ita ce alamominta sak na basir ne: jini, ƙaiƙayi, zafi, ɗan ƙullutu. Sai mutum ya shekara yana shan maganin basir, abin na girma.

Wani bincike a Amurka mai suna ANCHOR, wanda aka wallafa a 2022, ya bi masu HIV fiye da 4,400 'yan shekara 35 zuwa sama da aka samu da lalacewar farko a wurin. Waɗanda aka kashe musu ita, sankarar ta ragu musu da kashi 57 cikin 100. Na'urar wannan bincike ba ko'ina take ba. Amma duba da yatsa cikin safar hannu, ko wane likita zai iya, bai kai minti ɗaya ba. Ka nemi a yi maka sau ɗaya a shekara idan ka fara manyanta, kuma nan take idan "basir" ɗin ya wuce 'yan makonni bai lafa ba.

Mataki na biyar: hanta

Tambayi mai duba ka: "An taɓa yi mini gwajin ciwon hanta na B da na C?" Kada ka ɗauka an yi. Amsar za ta kai ka ɗayan hanyoyi uku.

Idan ba ka da B kuma jikinka bai da kariya, karɓi rigakafi. Allura uku ce cikin wata shida. Garkuwar mai HIV ba kullum take amsawa yadda ake so ba, shi ya sa wasu likitoci ke ninka ƙarfin kowace allura ko su ƙara ta huɗu, sannan a gwada jini bayan wata ɗaya ko biyu a ga ko ta kama.

Idan kana da B, duba sunayen da ke jikin kwalbar maganinka. Tenofovir, tare da lamivudine ko emtricitabine, suna danne HIV da B a lokaci guda. Ƙwayar maganin HIV mai suna TLD da miliyoyin mutane ke sha tana ɗauke da tenofovir da lamivudine. Sai dai akwai tarko a nan da nake so kowa ya sani: wanda ke da B, idan ya dakatar da maganin kwatsam, ciwon hantar na iya tasowa da ƙarfin da zai kai ga halaka. Haka kuma idan za a canza maka magani, ko saboda ƙoda, ko zuwa allurar nan ta cabotegravir da rilpivirine da ake yi duk wata biyu, tuna wa likita cewa kana da B, domin allurar ba ta taɓa shi. Abokin zamanka da 'ya'yanka su yi gwaji, jariri kuma a yi masa rigakafin B cikin awa 24 da haihuwa.

Idan C ne, ana warkewa sarai. Gwajin farko yana nuna ka taɓa gamuwa da ƙwayar ne kawai, sai na biyu ya tabbatar tana nan. Magungunan zamani irin su sofosbuvir da daclatasvir, a mako 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. C ba shi da rigakafi, kuma ana iya sake ɗauka, don haka kada a yi tarayyar allura, reza ko wani abu mai huda fata.

Wanda hantarsa ta riga ta taurare, ko da an danne B ko an warkar da C, yana buƙatar hoton hanta duk wata shida. Sankarar hanta ba ta magana sai ta yi nisa.

Mataki na shida: zama mai gadin jikinka

HHV-8 da EBV ba su da rigakafi, ba su da gwajin shekara-shekara. Bayan maganin HIV, idonka da hannunka su ne makamai. Ware rana ɗaya a wata, bayan wanka, a wuri mai haske.

Fara da fata. Sankarar Kaposi tabo ce ko ƙullutu, ja mai duhu ko shunayya a farar fata, a baƙar fata kuwa ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi ƙirin, shi ya sa take saurin ɓacewa ido. Yawanci ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi, in ka danna ba ta dushewa. Duba ƙafafu har tafin sawu da tsakanin yatsu, kan hanci, bayan kunne, al'aura. Ɗauki madubi da fitila ka buɗe baki, ka dubi ganɗa da dasashi. Kumburin ƙafa mai tauri kamar itace shi ma alama ce. Duk tabon da ka gani, ɗauki hotonsa da waya, ka ajiye wani abu kusa da shi don a gane girmansa, ka nuna a asibiti. Kaposi da bai wuce 'yan tabo a fata ba kan ja da baya da maganin HIV kaɗai. Wanda ya bazu, ko ya shiga baki sosai, huhu ko hanji, sai an haɗa da maganin daji. A watannin farko na fara magani tabon na iya ƙaruwa na ɗan lokaci yayin da garkuwa ke farkawa. Wannan dalilin komawa asibiti ne da gaggawa, amma kada ka ajiye maganin. Kuma ka guji sayen prednisolone ko dexamethasone da kanka, domin suna hura wa Kaposi wuta.

Sannan ka shafa wuya, hammata da matsematsi. Kaluluwar da ciwo ko miki ya tayar tana da zafi, kuma tana sauka in ciwon ya warke. Wadda ake tsoro ita ce mai tauri kamar roba, marar zafi, mai ƙara girma mako bayan mako, musamman in ta zo da zazzaɓin da ba a gane kansa ba, gumin dare mai jiƙa tufa, ko ramar da ta cinye kashi ɗaya cikin goma na nauyinka a wata shida.

Waɗannan alamomi su ne kuma na tarin fuka, kuma a nan ake ɓata watanni masu tsada. Tarin fuka ya fi yawa ga masu HIV, don haka daidai ne a fara nemansa. Amma idan gwaji bai nuna shi ba, aka sa ka a maganinsa bisa zato, makonni suka shuɗe kaluluwar na ƙara girma, ka ce a yanko ɗan tsokarta a duba a ɗakin gwaji. Wannan ce kaɗai hanyar tabbatar da limfoma. Maganar da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu ba gaskiya ba ce; jinkirin da tsoron ke jawowa shi ke ba shi damar bazuwa. Nau'in Burkitt, wanda ya samo suna daga likitan da ya bayyana shi a Yuganda a 1958, yana girma cikin kwanaki, kuma yana kama har wanda CD4 ɗinsa bai faɗi sosai ba. Ƙullutun da ka ga ya canza daga Litinin zuwa Juma'a, kada ka jira ranar karɓar magani.

Ƙara da waɗannan: gyambon baki ko dushewar murya da ta haura mako uku, da tsiro fari ko ja a kan farin ido.

Mataki na bakwai: taba da giya

Taba na ƙara wa HPV ƙarfi a bakin mahaifa, dubura da maƙogwaro, ga kuma sankarar huhu, wadda a ƙasashen da magani ya wadata ta shiga sahun gaba cikin masu kashe masu HIV. Giya kuma ƙarin kaya ce a kan hantar da B ko C ke ci. Barinsu da wuya, na sani, kuma da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su dace. Nemi taimako a asibitin da kake karɓar magani. Kwaroron roba na rage ɗaukar HPV da B, ko da yake ba ya rufe dukkan fatar da HPV ke bi.

Idan an tabbatar ciwon daji ne

Mai HIV da ƙwayarsa ta kwanta yana iya ɗaukar cikakken maganin daji, na ƙarin ruwa ne, na gasa ƙarin da hasken na'ura ne ko tiyata, kuma a limfoma da dama sakamakonsa na kusa da na wanda ba shi da HIV. Idan ka ji ana neman rage maka magani don kawai kana da HIV, tambayi dalili.

Likitan daji dole ya san kana da HIV, ya kuma san ainihin magungunan da kake sha. Ɓoye masa haɗari ne na gaske: ritonavir da cobicistat, da ke cikin wasu magungunan HIV, suna hana jiki fitar da wasu magungunan daji, sai su taru su zama guba, alhali dolutegravir bai cika wannan rikici ba. Kai kwalaben gaba ɗaya, har da duk wani jiƙo ko ƙarin magani da kake sha a gefe. Kada ka dakatar da maganin HIV lokacin jinyar sai in likitocin biyu sun yi magana da juna sun amince. Ka tambaya ko za a sa ka a cotrimoxazole don kare ka daga cututtukan da ke shigowa idan maganin daji ya saukar da CD4. Kuma kafin ƙarin ruwan farko, a tabbatar an san matsayinka na ciwon hanta B, domin maganin daji na iya tayar da wanda ya daɗe a kwance.